Darasi na 14: Shahidan Farko na Kiristoci da Ruhubanawan Hamada

Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙodago daga Habasha lokacin yankan riɗi, a Basunda ko Doka ko Gallabat, ya lura da abu biyu a wurin Kiristocin cikinsu. Akwai zare a wuyansu, sau da yawa da ɗan gicciye rataye a jiki. Sannan ran Laraba da ran Juma'a, in aka kawo nama ko nono, sai su yi godiya su janye hannu. Wannan azumi ba jiya aka fara shi ba. Ya girmi garin Gadarif, ya girmi daular Sinnar, yana cikin rubuce-rubucen Kiristoci tun ƙarnoninsu na farko. Waɗanda suka riƙe shi gam har ya iso ga maƙwabtanmu su ne ruhubanawa, wato mutanen da suka bar aure da dukiya suka keɓe kansu don ibada.

Wannan darasi na tarihi ne. Musulmi da Kirista sun saɓa a kan Annabi Isa (AS), kowa ya san matsayinsa, kuma ba a ajin nan za a warware saɓanin ba. Abin da za mu karanta shi ne labarin mutane iri biyu: waɗanda aka kashe don sun ƙi barin addininsu, da waɗanda suka shige hamada suna yaƙi da zuciyarsu. Yawancin labarin a Afirka ya faru, a bakin Nilu, wani yankinsa ma a cikin Sudan.

Laifin da ake kashe su a kai

Daular Rum ba ta cika damuwa da abin da mutum ya ƙudurta a ransa ba. Abin da take nema shi ne ka tsaya gaban gunki ko siffar Kaisar, ka zuba turare a wuta ko ka tsiyaya giya, don a san kai mai biyayya ne. Wanda ya yi, ya tafi gida. Kirista kuwa yana ganin wannan bauta ce ga wanin Allah, sai ya ƙi. Ba kullum ake farautarsu ba. Akan yi shekaru lafiya lau, sannan wani gwamna ko wani Kaisar ya tayar da maganar.

A ranar 17 ga Yuli, shekara ta 180, an yanke wa mutum 12 hukuncin kisa a birnin Kartaj, wanda kangonsa ke ƙasar Tunisiya a yau. 'Yan wani ƙaramin gari ne mai suna Sili, maza da mata. Gwamna ya ba su kwana 30 su je su yi tunani, suka ce ba abin da za su sake tunani a kai. Bayanin shari'arsu shi ne rubutun Kiristocin Afirka mafi tsufa da ya rage da harshen Latin.

Bayan shekara 23, a birnin nan dai, aka kama wata mata mai suna Farfetuwa. 'Yar babban gida ce, shekarunta kamar 22, tana goyon ɗa namiji. Tare da ita akwai wata baiwa, Filisita, mai cikin wata takwas. Farfetuwa ta iya rubutu, ta kuma rubuta abin da ya same ta a kurkuku da hannunta, shi ya sa muka san labarin daga ciki. Ta faɗi duhun wurin da zafinsa da cunkoso, ta faɗi cewa abin da ya fi cin ranta shi ne jaririn da aka raba ta da shi yana jin yunwa. 'Yan'uwanta na addini suka ba masu gadi wani abu, aka fitar da su wani sashe mai ɗan iska, aka kawo mata ɗanta ta shayar da shi. Daga baya aka bar shi wurinta, hankalinta ya kwanta.

Mahaifinta ba Kirista ba ne. Ya yi ta zuwa yana roƙonta. Ran nan ya zo da fushi, wata rana ya zo yana kuka, yana sumbatar hannunta, yana tuna mata furfurarsa da mahaifiyarta da 'yan'uwanta. Ranar shari'a ya zo ɗauke da jaririn, ya jawo ta daga matakala yana cewa ta ji tausayin yaron. Gwamna ya sa aka doke shi da sanda a gabanta, ta rubuta cewa dukan ya yi mata zafi kamar ita aka doka. Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifin tsohon nan. Uba ne yana kallon 'yarsa za ta mutu a kan abin da shi yake gani ɗan turare ne kawai. Ita ma ba ta daina ƙaunarsa ba, nauyin labarin ke nan.

Dokar Rum ta hana kashe mace mai ciki. Filisita ta haihu a kurkuku kwanaki kaɗan kafin ranar kisan, wata 'yar'uwa ta ɗauki jaririyar ta rena. A ranar 7 ga Maris, 203, aka fito da su filin wasa a gaban dubban 'yan kallo, aka sakar wa matan wata saniya mai tunkuyi, sannan aka ƙarasa su da takobi.

Takardar shaida

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus, wanda littattafan tafsiri ke kira Dakiyanus, ya fito da wani sabon tsari. Kowa a daular sai ya yi hadaya ga gumaka a gaban wakilan hukuma, a ba shi takarda. Busasshiyar ƙasar Masar ta adana irin waɗannan takardu fiye da 40, da yawansu daga ƙauyukan Fayyum. Kowace na ɗauke da sunan mai ita da garinsu, da faɗarsa cewa ya tsiyaya hadaya ya kuma ɗanɗana naman, da sa hannun wakilai, da kwanan wata. A zamanin wannan sarki ne Kiristoci ke cewa samarin nan na birnin Afasus suka ɓuya a kogo suka yi dogon barci, kuma malaman tafsiri da yawa sun ambaci sunansa a labarin Ashabul Kahfi.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: waɗanda suka tsaya ba su ne masu yawa ba. Jama'a da dama sun yi hadayar don tsoro. Wasu sun ba da cin hanci an rubuta musu takarda ba tare da sun yi ba. Wasu sun gudu jeji. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka faɗi suka dawo ƙofar coci suna neman a karɓe su, sai rigima ta tashi. Wani malami a birnin Rum, Nobatiyanus, ya ce ba mai dawowa. Kifriyanus, bishof ɗin Kartaj, ya ce a karɓe su bayan doguwar tuba; shi kansa an fille masa kai a 258. Ku riƙe wannan tambaya da kyau, domin za ta sake ɓullowa: yaya za a yi da ɗan'uwan da ya kasa?

Shekarun shahidai

Tsanani mafi muni ya fara a Fabrairun 303, zamanin Kaisar Dikiladiyanus. An rushe coci-coci, an ƙone littattafai, an kama shugabanni. A Masar ta kudu abin ya fi ƙamari. Marubucin tarihi Yusabiyus, wanda ya gani da idonsa, ya ba da labarin ranakun da aka kashe mutum 10, ko 20, wata rana har 100. Bitrus, bishof ɗin Iskandariyya, an sare shi a 311. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ba su manta ba, har suka mayar da shekarar da Dikiladiyanus ya hau mulki, wato 284, farkon lissafin shekarunsu, suna kiransa lissafin Shahidai. Shekarar na da wata 12 masu kwana 30, da ɗan ƙaramin wata mai kwana 5 ko 6, tana farawa 11 ga Satumba, ko 12 a wasu shekaru. Habashawa ma da wannan tsarin watanni suke aiki, sai dai adadin shekarunsu daban ne. A 313 Kaisar Kustantin da abokin mulkinsa suka ba Kiristoci 'yancin addini.

Akwai wasu shahidan da labarinsu ya fi kusa da kunnen Musulmi. Wajen shekara ta 523 sarkin Himyar a Yaman, Zu Nuwas, ya hallaka Kiristocin Najran tare da shugabansu Haris, ya ƙone da yawa. Malaman tafsiri da dama na ganin su ne Ashabul Ukhdud da aka ambata a Suratul Buruj. Sarkin Habasha Kaleb ya tsallaka Bahar Maliya da runduna ya kawar da Zu Nuwas, kuma daga cikin wannan runduna ne Abrahata mai giwa ya fito daga baya ya mallaki Yaman.

Hanyar hamada

An haifi Antoniyos wajen 251 a wani ƙauye na tsakiyar Masar. Iyayensa suka rasu yana ɗan shekara 18 zuwa 20, suka bar masa gona mai kyau, kusan faddan 200, da ƙanwa ƙarama. Ya ji an karanta wani wuri a Linjila a kan sayar da dukiya a ba matalauta, ya ɗauka da shi ake. Ya rabar da gonar, ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu mata masu ibada, ya fara zama a bayan gari, daga nan ya koma maƙabarta, daga nan ya shige wani kangon sansanin soja ya yi kusan shekara 20 a ciki, ana jefa masa busasshiyar gurasa sau biyu a shekara.

A 311, da kisa ya yi tsanani, ya fito ya tafi Iskandariyya yana yi wa 'yan kurkuku hidima, yana raka waɗanda za a kashe. Alƙali ya hana ruhubanawa zuwa kotu. Antoniyos ya wanke rigarsa, washegari ya tsaya inda kowa zai gan shi. Ba wanda ya taɓa shi. Ya koma hamada bai sami shahadar da ya so ba, kuma Atanasiyos, wanda ya rubuta tarihinsa, ya nuna cewa daga nan sai ya mai da kowace rana ta zama tasa shahadar, tsakaninsa da zuciyarsa. Ya rasu a 356, yana da shekara 105, a wani dutse kusa da Bahar Maliya. Gidan ruhubanawa mai sunansa na nan a wurin har yau.

Bayan 313 zama Kirista ya daina zama haɗari, har ya koma hanyar samun muƙami. Masu neman addini mai nauyi sai suka kwarara hamada. Gaskiya ba dukansu ne ibada ta kai ba, akwai masu gudun haraji da aikin hukuma, har wani Kaisar ya yi doka a kansu.

Bakomiyos ya bi wata hanyar. An kama shi aikin soja yana saurayi, ba Kirista ba. Aka kulle su a wani gari na kudancin Masar, sai ga mutanen da ba su san su ba sun kawo musu abinci da ruwa. Ya tambaya su wane ne, aka ce Kiristoci ne, haka suke yi wa kowa. Abin ya zauna masa, har ya zama Kirista. Wajen 320 ya kafa gida a Tabannisi inda ruhubanawa ke zama tare cikin katanga ɗaya, da doka a rubuce, da shugaba, kowa da sana'arsa: masu toya gurasa, masu saƙa, masu noma, masu jirgin ruwa. Kafin ya rasu gidajen sun kai 9 na maza da 2 na mata. A arewa kuma, yamma da Nilu, aka sami mazauna uku da suka yi suna: Nitiriya, da Kiliya, da Shihit, wanda yanzu ake kira Wadin Naɗrun, inda Makariyos ya sauka wajen 330.

Yinin ruhubani

Ruhubani a Shihit yana da ɗakinsa shi kaɗai. Yana tashi cikin dare ya karanta Zabura da ka. Da gari ya waye sai ya jiƙa ganyen dabino ya zauna tufkar igiya ko saƙar kwando da tabarma, hannu na aiki baki na addu'a. Abinci sau ɗaya ne, wajen la'asar: busasshiyar gurasa da gishiri, wani lokaci da ɗan ganye ko wake. Kwandunan ake sayarwa a sayi abinci, lokacin girbi kuma sukan fita gonakin mutane su yi ƙodagon yankan alkama. Asabar da Lahadi ne kawai suke haɗuwa su yi ibada su ci tare. Ƙarami in ya rasa yadda zai yi da kansa, sai ya tafi wurin dattijo ya roƙe shi kalma guda da zai riƙe. Amsoshin dattawan, gajeru ne ƙwarai, su aka tara daga baya suka zama littafin zantukan Iyayen Hamada.

Abin da suka gano a kaɗaicin nan shi ne, mutum na iya barin kasuwa da mata da dukiya, amma zuciyarsa na biye da shi. Wani masani cikinsu, Ifagiriyos, wanda ya rasu a Kiliya a 399, ya ƙidaya tunani takwas da ke kai wa mutum hari: haɗamar ciki, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar zuciya, son yabo, da girman kai. Ya ce zuwan tunanin ba a hannunka yake ba, amma ba shi masauki a hannunka yake. Ya kuma lura cewa in ka kori na farkon, son yabo ne ke shigowa ya taya ka murna.

Bayaninsa a kan kasalar zuciya ya fi kowanne kaifi. Takan zo ne daga hantsi zuwa bayan azahar. Sai mutum ya ga kamar rana ta tsaya cik. Ya leƙa taga, ya fita ya duba ko wani na zuwa, ya dawo. Sai ya tsani wurin, ya tsani aikin hannunsa, ya ce 'yan'uwa ba su damu da shi ba, ya tuna danginsa, ya fara lissafin cewa a wani wuri da ya fi samun ci gaba. Maganin da dattawa ke bayarwa ba shi da daɗin ji: zauna a ɗakinka, ka ci gaba da tufkar da ke hannunka, kada ka yanke shawarar tashi a lokacin da ranka ke dagule. Ɗalibin da ya dawo daga gona a gajiye, ya zauna gaban harafi yana ji kamar kansa ba zai taɓa ɗauka ba, ya san wannan baƙo. Ya kuma kamata ya san cewa yakan zo ya wuce.

Kwandon Musa Baƙi

Wanda ya karanta zantukan nan yana zaton zai tarar da gasar yunwa da rashin barci. Akwai wannan. Amma abin da manyansu suka fi nanatawa shi ne kada ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci. A ganina nan ne hikimarsu ta fi zurfi, kuma nan ne suka amsa tambayar da ta raba coci bayan Dakiyanus.

Musa Baƙi bawa ne a gidan wani ma'aikacin hukuma a Masar. Aka kore shi saboda sata, ya zama shugaban 'yan fashi, ƙato mai ƙarfi da ake tsoro. Daga baya ya tuba ya shiga Shihit, ya sha fama da kansa shekara da shekaru, har cikin dare yakan zaga ya ɗebo wa tsofaffi ruwa daga rijiya mai nisa. Littafin bai ɓoye cewa wasu sun ci masa mutunci saboda launin fatarsa ba. Da aka tambaye shi ko bai ji haushi ba, ya amsa cewa ya ji, bai dai yi magana ba.

Wata rana wani ɗan'uwa ya yi laifi, aka tara majalisa, aka aika wa Musa. Ya ƙi zuwa. Aka sake aikawa cewa shi ake jira. Sai ya ɗauki wani tsohon kwando mai huji, ya cika shi da rairayi, ya saɓa a baya ya taho, rairayin na zuba yana tafe. Suka tarye shi suna tambaya mene ne wannan. Ya ba su amsa cewa zunubansa ne ke tsiyaya a bayansa bai gan su ba, ga shi kuma an kira shi ya duba na wani. Majalisa ta watse, aka yafe wa mai laifin. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani; Musa ya ɗauki nasa tudun ne ya kawo gaban jama'a. Wajen 407 mahara suka afka wa Shihit. Ya sallami masu gudu, shi ya ƙi tashi, yana ganin wanda ya taɓa zubar da jinin mutane bai kamata ya guje wa takobi ba. Aka kashe shi tare da 'yan kaɗan da suka zauna da shi.

Makariyos kuwa tun yana zaune a gefen wani ƙauye wata yarinya ta yi ciki ta ce nasa ne. Aka kama shi, aka rataya masa baƙaƙen tukwane a wuya, aka zaga gari da shi ana duka. Bai kare kansa ba. Ya ƙara yawan kwandunan da yake saƙa yana aika mata da kuɗin. Da haihuwa ta zo da wuya ta faɗi gaskiya, gari ya ɗunguma zai zo ba shi haƙuri, sai ya tsere Shihit tun ba su iso ba. Zagi bai kore shi ba, yabo ne ya kore shi. Wani dattijon, Bimin, an tambaye shi ko a mintsini ɗan'uwan da ke gyangyaɗi a wurin ibadar dare. Ya ce shi in ya ga haka, kan mutumin yake ɗorawa a cinyarsa ya bar shi ya huta.

Akwai mata a cikinsu, ana kiransu Amma, wato uwa: Sara, da Tiyodora, da Sinkiletika. Ta ƙarshen nan ta koyar da cewa mutum na iya zama a kan dutse zuciyarsa na cikin gari, wani kuma yana tsakiyar jama'a zuciyarsa a natse. Mai iyali da gona da bashi a wuya ya fi kowa bukatar jin wannan.

Inda suka yi tuntuɓe

Ba duka ne suka zama Musa ba. Wasu sun azabtar da jikinsu har suka nakasa. Wajen 415 ruhubanawa kusan 500 suka sauko daga Nitiriya zuwa Iskandariyya cikin wata rigima, ɗayansu ya jefi gwamna da dutse ya fasa masa kai. Waɗanda kakanninsu suka sha tsanani sun koyi tsananta wa wasu da zarar ƙarfi ya dawo hannunsu, wannan kuwa abin baƙin ciki ne. Akwai kuma tambayar ƙanwar Antoniyos: an tambaye ta kuwa?

Musulunci bai ɗora wa kowa barin aure ba, Suratul Hadid ma ta bayyana ruhubananci a matsayin abin da mutanen suka ɗora wa kansu. Duk da haka Suratul Ma'ida ta yabi wasu malamai da ruhubanawa na Nasara da rashin girman kai. Littattafan sira sun kawo labarin Bahira da na ruhubanawan da Salmanul Farisi ya yi wa hidima. Halifa Abubakar (RA), da zai tura runduna Sham, ya yi umarni a ƙyale masu ibada a ɗakunansu.

A ƙasarmu da maƙwabta

Kiristanci ya shiga Habasha a ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, kuma Atanasiyos ɗin nan da ya rubuta tarihin Antoniyos shi ya naɗa musu bishof na farko. Daga nan har 1951 shugaban cocin Habasha ruhubani ne da ake aikowa daga Masar. A ƙarshen ƙarni na 5 wasu ruhubanawa tara suka iso suka kafa gidaje, mafi suna shi ne Dabra Damo, wanda sai da igiya ake hawa dutsensa. Gidan Waldiba na cikin kwarin kogin Takaze, wanda mu muke kira Sitit. A gundumar Matamma, tsallaken Gallabat, akwai tsohon gidan Mahbara Sillase.

A Sudan kuma dauloli uku na Nuba sun karɓi Kiristanci a ƙarni na 6: Nobatiya, da Makurra mai hedikwata a Dungula, da Alwa mai hedikwata a Soba, bakin Shuɗin Nilu kusa da Khartum. Mai wa'azi Lonjinus ya isa Alwa a 580. Bayan yaƙin Dungula a 652 suka ƙulla yarjejeniyar Baƙt da Musulmin Masar, wadda ta yi kusan shekara 600 tana aiki. A Wadi Abu Dom, cikin hamadar Bayuda, kangon gidan ruhubanawa na Gazali na nan tsaye. An gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 7, an zauna a ciki har ƙarni na 13. Masu tono sun sami coci, da ɗakunan kwana, da ɗakunan cin abinci masu kujerun ƙasa a zagaye, da jerin bandakuna, da wurin narka ƙarfe a kusa, da duwatsun kabari masu rubutun Girkanci da Kibɗanci.

A Faras, can arewa kusa da iyakar Masar, wani ruhubani mai suna Tiyofilus ya zauna shi kaɗai a cikin wani tsohon kabarin dutse. Ya shafe bangon da farar ƙasa ya cika shi da rubutu: aƙidarsa, da farkon Linjila huɗu, da labaran dattawan hamadar Masar, da sunayen shahidai 40 na Sabasta, da sunayen samarin kogon Afasus. Ya sa sunansa da roƙon a yi masa addu'a, ya kuma sa kwanan wata da lissafin Dikiladiyanus, wato na Shahidai, wanda ya yi daidai da 738. Masu bincike sun kwafe rubutun a farkon ƙarni na 20. Faras kanta ruwan madatsar Aswan ya shanye ta a shekarun 1960, bayan an ciro zane-zanen babban cocinta an raba tsakanin gidan tarihi na Khartum da na Warso a ƙasar Folan.

Tambayoyi da aiki

1. Me hukumar Rum ke nema Kirista ya yi, kuma me ya sa yake ƙi?

2. Ba da labarin Farfetuwa da bakinka, amma ta wajen mahaifinta.

3. Mene ne bambancin zaman Antoniyos da tsarin Bakomiyos?

4. Daga Satumba zuwa Disamba, ana cire 283 daga shekarar Miladiyya a sami shekarar Shahidai. Oktoban 2024 ya faɗa a wace shekara ke nan? Disamban 738 fa?

5. Rubuta tunani takwas na Ifagiriyos. Zaɓi ɗaya ka yi jimla biyar a kan yadda yake shiga tsakanin mai gona da ɗan ƙodago, ko tsakanin kishiyoyi, ko tsakanin abokan ciniki.

6. Ku kasu gida biyu. Kashi ɗaya ya kare ra'ayin Nobatiyanus, ɗayan ya kare na Kifriyanus. Kowane kashi ya zaɓi mutum ɗaya da zai rubuta hujjojinsu a allo.